Kwalbar Matar Akokan

Aikina a labo, wato ɗakin gwaji, na wata ƙaramar asibiti a Arlit shi ne tambayar ƙwayoyin cuta sunansu. Ba su da baki, amma kowace tana da sinadarin da take fitarwa, da shi take tona kanta. In shuka majina a faranti, ta kwana cikin ɗumi, in ɗebo abin da ya tsiro in ɗiga masa ruwan gwaji. Wata ta yi kumfa, wata ta daskarar da ruwan jini kamar kindirmo, wata ta mai da ruwa ja. Da ta ba da amsa, likita ya san maganinta. Ni kuwa har fira nake yi da su, ina ce musu munafukai.

Akwai wata dattijuwa, mutuniyar Tahoua, da ke zuwa daga unguwar Akokan da kwalbar majina ƙunshe a bakin zane. Mijinta ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin ma'adini yana shaƙar ƙurarsa, tari ya kwantar da shi. Na gwada majinarsa, ban samu komai ba sai ƙwayoyin cikin baki da kowa ke yawo da su. Tarin fuka ma babu. Na fito da fara'ata na faɗa mata.

Ba ta yi murna ba. Ta ce, "Ɗiyata, koma ki duba. Wanda anka samu ƙwaya gare shi, shi ka tashi."

Ta fi ni sanin unguwarsu. Tun daga ranar na koma roƙon Allah in ga cuta, abin da ban taɓa yi ba. Kowane zuwanta sai in tsura wa faranti ido har ya yi mini yaji. Shiru. Abin da ke cin ƙirjinsa ba ya tsirowa a faranti.

Ya rasu da bazara. Bayan ta fita takaba sai ga ta bakin tagar labo, ta rame, tana kunto kwalba daga bakin zane. Na zaci mantuwar tsufa ce, na ce, "Inna, ai Baba ya huta."

Ta juya ta yi tari, irin wanda na sani. "Wanga nawa ne. Ni ka wanke mai kayan aiki."

Na daɗe da barin aikin, amma har yau tsoro na kama ni in na tuna safiyar da na buɗe farantinta. Na ɗiga, na jira, na sake ɗigawa, babu munafukar da ta ba da amsa. Ita kuma tana zaune a benci, tana kallon ƙofata.