Makullin Kabad ɗin Gilashi

Har yau ban manta da Asabar ɗin da matan unguwa suka cika mana kanti ba. Lokacin ina shekara ta huɗu a wani babban kanti kusa da titin Grand Concourse a nan Amurka, ni ce mai kula da sashen kayan kwalliya. Ku ma'aikatan da kuka zo daga baya ba ku tarar da kabad ɗin gilashi ba. Man gashi da sabulun wanke kai na baƙaƙen mata duk a kulle suke a cikinsa. Na sauran mutane kuwa a fili yake, kowa ya ɗauka ya wuce. Mai son na kulle sai ta danna ƙararrawa, ta jira in zo da makulli, kuma dokar kanti ta ce in raka ta har wurin biya.

Wata rana Hajiya Salamatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kumasi da muke masallaci ɗaya, ta daɗe a tsaye tana jirana, da kayan asibiti a jikinta. Da na buɗe, ta dube ni ta ce, "Ramatu, ke ma ɓarauniya kika ɗauke ni?"

Na ce, "Wallahi Yaya, umarni ne."

Ta ce, "To, ki gaya musu mun ji."

Ashe daga nan ta bi masallatai da coci-coci da shagunan kitso. Ranar Asabar da hantsi suka iso: 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Jamaika, baƙaƙen Amurka. Ba ihu, ba zagi. Layi suka yi. Kowace ta danna ƙararrawa, in buɗe, ta juya kwalba a hannu, ta mayar, ta ce ta fasa. Har azahar ƙararrawar ba ta huta ba.

Manajanmu ya rikice, ya ɗauko waya zai kira 'yan sanda. Na tsorata, don na san a layin nan akwai waɗanda takardun zamansu ba su kammala ba. Na ce, "Yallaɓai, ba wadda ta ɗauki komai. Me za ka ce sun yi?" Ya harare ni, amma sai ya kira shugabar yanki, wato wadda ke sama da manajojin rassanmu.

Da la'asar ta iso, ta kira ni ofis, manaja na zaune. Ta ce, "Ke ke jera kayan nan. Su aka fi sata?"

Yara uku gare ni, kuma mutumin da ke kallona shi ke rubuta jadawalin aikina. Duk da haka na ce, "A'a. Reza da batir sun fi ɓacewa, kuma ba a kulle su ba."

Kwana biyu ina jiran takardar kora. Ranar Talata na shigo na tarar da kafinta yana kwance ƙofofin gilashin. Na je na duba jadawali, ga sunana nan inda yake. Na shiga ɗakin hutu na zauna ina ta hamdala. Ranar Juma'a Hajiya Salamatu ta matsa mini wuri a sahu a masallaci.

Abin da na koya shi ne, a aikin kanti manya ke rubuta doka, amma fuskarmu mai saye yake gani. Don haka duk ranar da aka kira ku ofis aka tambaye ku abin da kuka gani, ku faɗi abin da kuka gani. Ku ne a tsaye a wurin, ba su ba.