Ragon Sunan Mika'ilu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Konni, ni da ragon da na yi wata da watanni ina yi wa kiwon dusa. Ƙanwata ce ta haihu a Tajaye, mijinta kuwa tun da ya tafi cin rani Najeriya ba a sake jin ɗuriyarsa ba, don haka ragon suna ya faɗo kaina. Wannan ce haihuwarta ta huɗu, ukun farko duk suna ƙasa.

A bayan babbar mota ragon ya fi kowa samun wuri, har wata tsohuwa ta ce da ganinsa ɗan birni ne, bai san an yi fari ba. Gaskiyarta. Daga Malbaza zuwa gaba gonaki sun yi fayau, mushen shanu ko'ina a bakin hanya. Furar da muka saya a tasha ruwa ce tsululu, kuɗinta kuma ya ninka na bara.

Kusa da ni akwai wani ma'aikacin asibiti ɗan Dahome, kirista, da aka tura Illela. Da na gaya masa ƙanwata ta aiko cewa Mika'ilu take so a sa wa yaron, sai ya washe baki ya ce su ma sun san shi. Wai su arkanj suke ce wa irinsa, kalma ce ta Girkawa mai gaɓa biyu, shugaba da ɗan aike. Na ce to ai mu ma malamanmu sun ce mala'ika ɗan aike ne. Da hirar muka rage hanya, muka rabu a mararraba.

Na iske Tajaye rabinta a kulle, masu gidajen sun yi kudu. Ƙanwata ta rame har na kasa haɗa ido da ita, jaririn kuwa kukansa ma ba ya fita. Babu nono. Innarmu ta ja ni gefe ta ce, "Ka hana ta. Mai wabi ba ta sa ma ɗa babban suna. A ce mai Ajuji, mutuwa ta ɗauka abin yasarwa na, ta wuce."

Ƙanwata ta ji mu daga ɗaki. Ta ce, "Yaya, ukku na ɓoye da sunan banza, duk ta gane su. Wanga kam da sunanshi za a kirai."

Liman ya goyi bayanta. Ya ce Mika'ilu yana cikin manyan mala'iku, shi aka wakilta kan ruwan sama da abincin bayi, kuma "ilu" ɗin ƙarshen sunan, kamar na Jibrilu, sunan Allah ne a harshen Bani Isra'ila. Na tambaye shi ko suna yana yiwuwa ba yanka. Ya dubi ragon, ya haɗiye yawu, ya ce yana yiwuwa, rai ya fi.

A bayan gari na sami wani Bafillace da ya rage da 'yan awaki. Na ba shi ragon, ya ba ni akuya mai shayarwa, na bar mata buhun dusar da na zo da shi. Aka raɗa suna da goro kaɗai. Maƙwabta da suka kwana da sa ran nama suka yi addu'a suka watse ba ƙorafi, wannan ya fi komai taɓa mini zuciya. Kafin in taho na ga yaron yana tsotsar tsumman da aka tsoma a madara. Inna na kiransa Ajuji, uwarsa na gyara mata.

Na dawo Konni da igiyar rago a aljihu, ina gaya wa iyalina abin da na koyo: mai yunwa ma yana da kara, kuma uwa ba ta gajiya da sa rai. Na yi ta addu'a, har na fara sakin jiki.

Ranar kasuwar da ta zagayo ta biyu, direban babbar motar nan da muka shiga zuwa Tajaye ya yi sallama a ƙofar gidana, riƙe da akuyar. Ya ƙi kallona. Ya ce, "Ƙanwarka na gaishe ka. Ta ce a ba ɗiyanka nonon, ita ba ta da mai sha."