Sirinjin Aladu

Aikina allurar dabbobi ne, kuma a makaranta ba wanda ya nuna mana dabbar da za a bari ta mutu. Shi ya sa da wani dattijo Bamaguje daga bayan Furana ya zo ofishinmu a Ikara, ya ce aladunsa na ta busasshen tari, sun ƙi girma, ban yi wata-wata ba. Ciwon huhu ne. Manyan sai magani, 'ya'yan kuwa rigakafi ake yi musu tun suna shan nono.

Na sayi sabon sirinji don su kaɗai, na ce a ɗaura masa jan ƙyalle kada ya taɓa haɗuwa da na shanu. Abokin aikina ne ya ƙulla ƙyallen da hannunsa, shi ya ɗauke ni a babur, ya tsaya can nesa yana toshe hanci yana mini dariya. Ban da shi ba wanda ya san na je.

Da lokacin rigakafin shanu ya zo, na nufi wata ruga a hanyar Makarfi. Ardon wurin ya saba shimfiɗa mini buzu, a kawo fura kafin a kamo ko maraƙi. Ranar a tsaye muka gaisa.

"Malam," in ji shi, "an ce allurar da ka soka wa alade ita kake soka wa shanu. Nonon nan fa 'ya'yanmu ke sha."

"Baba, wa ya faɗa?"

"Wanda kuke zuwa tare. Ya ce shi zai riƙa yi mana."

Na rantse, na fito da sirinjin shanun na nuna masa, ko kallo bai yi ba. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ashe abokin aikin nawa rugar yake so ta zama tasa, da ɗan ragon da ake ba mai allura. Amma bai ci riba ba, don ardo ya yanke cewa duk allurar ofishinmu ba ya so.

Kafin damina tari ya shiga garken, da yake ba a yi wa shanun rigakafin ba. Da na ji, na kwashi magani na garzaya. Na tarar da fatu a shanye ko'ina, ardo na zaune ya rame. Na durƙusa zan yi masa jaje, sai ya ɗaga sanda ya nuna mini hanya.

"Tashi," in ji shi. "Tarin aladunka ne ka kawo mana."