Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Suwic

Shekarar da Yayana ya buɗe cibiyar jarrabawar kwamfuta a Gumel, ni ce mai shara, ni ce mai rajista, ni ce kuma mai bakin da ba a son ji. Shanun da Baba ya bar masa ya kora kasuwar Maigatari ya sayar, ya jera kwamfutoci a wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Abu ɗaya ya rage, hukuma ta turo jami'i ya gwada mu. In netwok bai yanke ba har gwaji ya ƙare, a ba mu lasisi. In ya yanke, shi ke nan, sai rufewa.

Duk wayoyin ɗakin suna haɗuwa ne a wani baƙin akwati da ake kira suwic, a ƙaramin sito. Yaya ya zaɓi marar fanka, wai ba ya ƙara, ba ya shan batirin sola. A gabansa akwai ramuka da ake cusa wasu 'yan ƙarafa masu tsawon ɗan yatsa, mojul, su ke karɓar wayar tagulla. Injiniyan da ya zo daga Kano ya faɗa a gabana cewa masu tagulla zafi gare su, kada a jera su manne da juna, a riƙa tsallake rami. Yaya ya ce to. Injiniya na shiga mota ya cike ramukan tas, don an ƙaro kwamfutoci, kuma babu halin sayen wani suwic.

Sai bazara ta shigo. Da rana ta take, fitilun akwatin su fara ƙiftawa, netwok ɗin layi guda na kwamfutoci ya mutu. Na gwada kai yatsa kan mojul ɗaya, na janye kamar na taɓa murfin tukunya.

Daga gida Yaya ya ɗauko magani. Duk wanda ya yi azumi a garinmu ya san yadda ake naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhun algarara a ajiye a inuwa, ruwa ya yi sanyi kafin magariba. Ya yanko buhu, ya jiƙa, ya matse, ya shimfiɗa a kan suwic. Na ce masa wannan fa ba jarka ba ce, ya ce in kama tsintsiyata. Abin haushin shi ne dabarar ta ci. Muddin buhun na da danshi, netwok lafiya lau. Har maƙwabta yake kira su zo su gani, ni kuwa ina ta cika ina batsewa.

Ranar gwaji aka kawo ɗalibai daga Gagarawa da Sule Tankarkar, ɗaki ya cika. Abin da ba mu sani ba, doka ce da an fara a kulle siton, kada wani ya taɓa na'ura. Jami'in ya ja ƙofa ya datse, ya jefa makulli a aljihu. Bai lura da buhun ba, don suwic ɗin yana kan kanta a bayan ƙofa.

Na san buhun ba zai kai azahar ba, kuma in ya bushe bargo zai zama, ya toshe kafofin iska. Na ja Yaya gefe na roƙe shi ya faɗi gaskiya a buɗe masa.

"In ce wa mutumin hukuma cibiyata da buhu take tafiya?" in ji shi.

Ya koma bakin ƙofa ya tsaya, gumi na bin wuyansa. Kafin kiran salla layin farko ya mutu, na biyu ya bi, sai ɗakin duka. Ɗalibai suka bi allunan kwamfuta da kallo.

Jami'in ya buɗe siton. Wari ya bugo mu, irin na roba in ta ji wuta. Ya ɗaga buhun da yatsu biyu, ya bushe ƙamas. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ɗin.

"Malam, wa ya ba ka wannan shawara?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Jami'in ya ajiye buhun a hankali, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sallami ɗalibai ya tafi.

Da ɗakin ya watse, Yaya ya zaro mojul ɗaya da hannu ya damƙe. Na ce ya saki zai ƙone, bai saki ba. Duk haushin da nake ji ya zama tausayi. Da ɗaya hannun ya bi kwamfutocin yana kashewa har ƙarshen layi, sannan ya juyo bai dube ni ba.

"Gobe ba sai kin zo ba," ya ce.