Yanar Ido a Motar Amos

Amos Ɗanladi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zermu. Ya zo Damagaram yana saurayi, ya koyi tuƙi a hannun 'yan mishan, ya karɓi addininsu, ya auri Rahila, ya zauna a unguwar Zango. Danginsa Musulmi ne manoman gero, kuma ba su yanke shi ba, musamman yayarsa Delu wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Abin da ya mallaka a duniya shi ne tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira kat-san-kat, yana ɗibar 'yan kasuwa da ita zuwa Mirya da Tirmini.

Daminar 1984 ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Da bazara ta kama, saƙon Delu ya iso ta bakin wani mai jaki: mijinta ya tafi kudu neman abinci bai dawo ba, rumbu ya ƙare, autarta Indo ta kumbura har ba ta iya takawa. Ya zo ya ɗauke su.

Tafiyar ba ta da nisa, amma motar ba ta iya yin ta da rana. Injin ya tsufa, da hantsi ya ɗaga sai ya tafasa ya nemi ruwa, ruwa kuwa a wannan bazara ko na sha sai an bi layi. Dole sai cikin sanyin duhu, fitilun motar kuma sun mutu a tsaye. Zafin shekaru ya busar da ɗankon da ke riƙe gilashinsu, tururi da datti suka shiga, kwanon nan mai shafen azurfa da ke tura haske gaba ya dushe. Ga hanya cike da masu gudun yunwa daga arewa, suna kwana a tsakiyarta da ragowar dabbobinsu. Amos ya san wanda ya tuƙa da irin wannan haske mutum zai taka.

Ya kai motar wurin Alhaji Zakari, mai sayar da kayan mota a bakin tasha.

"Alhaji, fitila nake nema, ko guda, ko tsohuwa."

"Amos, ka ji an buɗe iyaka ne? Tun da Najeriya ta rufe ƙofarta ko ƙusa ban samu daga Kano ba." Ya sunkuya ya leƙa gilashin. "Wannan ai yana ce ta rufe mata ido. Kai ta likita ta bi layin tsofaffi."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Alhaji. Yaya Delu ce da 'ya'yanta."

Zakari ya daina dariya. Ya zazzage buhunan tsofaffin ƙarafa har ƙasa, bai samu komai ba. A ƙarshe ya ce masa ya ɓamɓare gilashin, ya shafi kwanon da auduga a hankali, domin azurfar ba ta fi fatar albasa kauri ba.

Amos ya ɓamɓare gilashin fitilar dama a tsakar gida, sai aka ce mai ya zo gidan mai, ya ɗauki jarka ya ruga. Bai gaya wa Rahila gargaɗin ba. Ita kuwa ta ga kwano ya dushe, ta yi masa abin da take yi wa kowane kwano tun tana yarinya.

"Baban Dibora, zo ka gani," ta ce da ya dawo. "Ina gogewa yana ƙara baƙi."

"Da me kika goge?"

"Da toka mana. Da me ake goge kwano?"

Azurfar duk tana jikin tsumman. Amos ya zauna a ƙasa. Daga baya ya buɗe ta hagu da kansa, ya shafe ta da auduga, ta ɗan farfaɗo.

Da kiran sallar farko suka tashi da ido ɗaya, da jarkar ruwan sha da suka tanadar wa yaran Delu. Rahila ta rantse ba za a bar ta a gida ba. Duk inda hasken ya gaza sai ta sauka ta shiga gaba da ƙafa, tana tafa hannu tana cewa, "Gafara dai, bayin Allah, ga mota!" Mutane na jan tabarminsu, wasu sai ta kama su sun tashi. Da wannan jan jiki rana ta riske su ba su yi rabi ba. Injin ya tafasa, suka jira ya huce, ya sake tafasa. Sannu a hankali jarkar yaran ta ƙare a cikinsa.

Bayan la'asar suka shiga ƙauyen, tururi na fita ta gaban motar. Delu na zaune a ƙofar gida, Indo a cinyarta.

"Yaya, na zo miki hannu wofi. Ruwan da na ɗebo muku mota ta shanye, kuma ba za ta koma ba sai an ƙara mata."

Delu ta dubi ƙaninta, ta shiga ɗaki ta fito da tulu, ruwan ciki bai kai rabi ba, ja kamar kunun kanwa. Ta jiƙa bakin zanenta ta ɗiga wa Indo a leɓe, ta miƙa masa saura.

"Zuba mata, ɗan nan. Gobe ma ba wani a rijiyar."

Da asubahin washegari suka kamo hanya, mata biyu suna karɓeɓeniya a gaban mota. Sun isa gidan likita a Damagaram rana na tsaka, aka karɓi Indo. Sai da damina ta sauka yarinyar ta sake tsayawa da ƙafarta. Ba ta koma ƙauye ba. A gidan kawunta ta girma, a ɗaki ɗaya da 'yarsa Dibora.