Jan Biron Kawu Sale da Takardar Tarho

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san jan biron nan da ke maƙale a kunnensa. Tun yana akawu a reluwe ba ya sa hannu a takarda sai ya karance ta tsaf, ya ja layi a inda bai gamsu ba. Ko katin ɗaurin aure aka ba shi, wallahi sai ya juya bayansa.

Shekarar da Hajara, 'yarsa tilo, ta bi mijinta Maiduguri, ya ce sai ya sa tarho a gida, don wasiƙa ba ta da murya. Ni na goya shi a babur zuwa ofishin waya. Aka miƙo takardar yarjejeniya, kowa yana sa hannu yana wucewa, shi kuwa ya nemi benci ya zauna. Can sai ga shi gaban manaja, biro a hannunsa.

"Yaro, wai in wani ya cuci mutum da layina, aka kai ku ƙara, ni zan tsaya in wanke ku, in biya diyya?"

"Haka ƙa'idar take, Baba. Kowa ma sa hannu yake."

"To in ruwan sama ya kashe layin wata guda fa?"

"Wannan kuma ikon Allah ne."

"Au, naku ikon Allah, nawa ikon kotu?"

Ni kaina raina ya ɓaci, don zalunci ne ƙiri-ƙiri. Kwana uku muna zarya, ko waƙafi ba su canza ba. A rana ta huɗu ya sa hannu saboda Hajara, ya ce tunda an ɗora masa alhaki, to zai riƙe shi da kyau.

Mu muka sha wuyar riƙon nan. Ya sa takardar a gilashi ya rataye a saman wayar. Duk wanda ya zo bugawa, Kawu zai jawo kujera ya kafa kunne. Ni da gemuna, malamin makaranta a Bosso, ina ce wa abokina ina nan tafe bikinsa, sai na ji an dungure ni.

"Jiya ka ce ba za ka ba. Gyara maganarka, layina ne."

Haka na gyara, ina gumi, ango yana saurare.

Wanda ya fi ni shan kunya Alhaji Buba ne, dillalin shanu na Tudun Fulani. Yana rantse wa wani mai saye a Ibadan cewa bijimin ko ƙwarzane babu, Kawu ya fizge kan wayar.

"Salamu alaikum, mai layin ne. Ɗingishi yake da ƙafar baya, na gan shi a kara."

Shekara biyu Alhaji Buba bai gaishe shi ba. Da muka yi wa Kawu magana, cewa ya yi, "Shi ya ci riba, ni in ci sammaci?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya gargaɗe mu kada a gaya wa Hajara, don tana da ɗanyen goyo ga nisan hanya. Muka yi ta jin haushi, amma wa ya isa? Ranar Juma'a da hantsi ta bugo kamar yadda ta saba, na miƙa masa a kwance. Muna jiyo ta tana cewa, "Baba, lafiya kuwa? Na ji muryarka wani iri."

Ya ɗaga ido ya dubi takardar nan ta bango.

"Hajara, na sa hannu ba za a cuci kowa da layin nan ba. Ki taho."

Ta iso ta same shi da ransa, ta yi kwana huɗu tana ba shi kunu a baki. Har yau ban huce da wanda ya tsara waccan takarda ba, amma ita ta kawo Hajara.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya miƙa masa tasa takardar a hannun dama, babu inda za a ja jan layi. Amin.