Alkamar da Ta Tsaya Iya Gwiwa

A Wurno, lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba mukan kewaye murhun kakarmu Inna, tana gasa mana dankali tana ba mu tatsuniya. A shekarar da nake tunawa, Baba ya karɓo sabon irin alkama daga malaman gona a Goronyo. Ya shuka da wuri, bai taɓa fashin ban ruwa ba, amma ta tsaya iya gwiwa, ta maƙwabta kuwa ta kai ƙugu. Ya ce cuta ce, gobe zai tuge ta ya dasa albasa. Da alkamar nan muke sa ran cin tuwo har damina.

Baba ɗan farin Inna ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ran nan yana bayan zana yana gyaran ƙotar fartanya. Inna ta ɗaga murya fiye da kullum.

Wai wani manomi ne ya yi baƙuwa, wata gajeruwar alkama. Ta ce masa ita ba ta iya tsawo ba, duk ƙarfinta a kai take tarawa. Sanyi take so, wata uku za ta yi, ta tafi kafin zafi ya sauko. Shi kuwa kullum sai ya zo da sanda ya auna ta. Nan Inna ta katse labarin, ta juya dankali.

Na jira kura, na jira waƙa, ba wadda ta zo. Na tambaye ta sai aka yi yaya.

"Gaggawar mi kike, uwar tambaya? Sauran labari na wurin mai gona."

Na kwanta ina tunanin ko tsufa ne ya sa ta manta.

Baba ya tuge rabi, ya bar rabi. Da iska ta taso doguwar maƙwabta ta kwanta cikin ruwa, tamu na tsaye da zangarniya cike. Rabin nan ya kai mu farkon damina da ƙyar.

Sai a makarantar gaba da firamare na karanta cewa da gangan aka yi irin gajere. Na koma gida na tambayi Inna inda ta sani.

"Ni ina ni sani? Tsoro ni ji ya ɓata wahalatai."

Har yau na kasa rarrabewa: hikima ce ta cece mu, ko tsoron uwa da ba ta da bakin faɗi? Baba dai bai taɓa cewa ya ji tatsuniyar ba.